Martani: Shirun Maƙwabci Ba Yarda Ba Ne

Na karanta makalar da wani ɗan uwa marubuci ya fitar kwanakin baya, inda ya tsaya wa masu ƙure sautin kiɗa da na kallo a gidajensu, ya kuma yi wa masu ƙorafi wankin babban bargo. Na bi ta a tsanake, domin Malam ya iya alƙalami, mai iya alƙalami kuwa yakan sa a haɗiye maganar da ba a tauna ba. In na fahimce shi daidai, hujjojinsa huɗu ne. Ta farko, gidan mutum nasa ne, abin da ya kunna a ɗakinsa da kuɗinsa ba ruwan kowa. Ta biyu, garin Bahaushe bai taɓa zama shiru ba, da kiɗa da daka da ƙira muka tashi, saboda haka neman shiru ɗabi'ar aro ce da 'yan boko suka kwaso daga unguwannin Turawa. Ta uku, haƙuri shi ne maƙwabtaka, kuma da abin yana damun mutane da gaske da sun yi magana. Ta huɗu, lasifikokin masallatai da coci-coci da wuraren wa'azi sun fi kowace rediyo ƙara, to me ya sa mai kiɗa kaɗai ake sa wa ido?

Bari in share fage tun da wuri. Ba hukuncin kiɗa a shari'a ya kawo ni ba. Wannan fagen malamai ne, kuma sun daɗe suna kai-kawo a cikinsa. Ko Shata mutum ya sa, ko waƙar fim, ko sharhin ƙwallo, ko karatu, tambayata ɗaya ce: wa ya ba shi izinin shigar da shi ɗakin barcin wani?

Gaskiya ne gidan mutum nasa ne. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma, a sashe na 37, ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa. Sai dai Malam ya manta cewa maƙwabcin ma gida gare shi, kuma sashen bai ware shi ba. Da sauti yana tsayawa inda filin mutum ya ƙare, da ba mu da ta cewa. Kowa ya san ba a kafa indararo ya riƙa zuba a tsakar gidan maƙwabci, ko da rufin naka ne, ruwan kuma na Allah ne. Wanda ya yi haka bai isa ya ce ai a kan soronsa ya kafa ba, domin inda ruwan ya sauka ake dubawa. Sauti ma inda ya sauka ake dubawa, ba inda ya taso ba.

Akwai kuma wani abu game da na'urorin yau da mai su kansa bai cika sani ba. Sautin da ke fita daga sifika iri-iri ne. Akwai siriri, irin muryar mawaƙiya, wanda bango ke tarewa ba wuya. Akwai mai kauri, dukan nan da babbar sifikar ƙasa ke fitarwa, wadda samari ke kira wufa. Wannan tsawon zangonsa ɗaya a iska yana iya kai mita 7, ya fi faɗin ɗakin da ake kunna shi, kuma ba ta iska kaɗai yake tafiya ba. Yana bin daɓe, ya hau bulo, ya bi katakon rufi da kwano. Shi ya sa mai kiɗa yake jin waƙa da baitinta da zaƙinta, maƙwabci kuwa babu abin da ke isa gare shi sai dukan da babu waƙa a cikinsa. Ko da ana so a ce an raba daɗin da shi ne, to ba daɗin aka aika masa ba.

A ɗauki gidan haya irin waɗanda suka cika Kurna da Rijiyar Lemo a Kano. Ɗakuna goma suna kallon juna, bulo inci shida tsakanin ɗaki da ɗaki, bangon ma bai kai kwano ba, sama da silin duk fili ɗaya ne. Watan Afrilu ne, zafi ya kori wasu zuwa tabarmi a tsakar gida, waɗanda suka rage a ciki sun bar tagogi a buɗe. Ƙarfe sha ɗaya da rabi aka kawo wuta. Saurayin ɗakin ƙarshe ya miƙa hannu ya danna. Wufarsa tana ƙasa, a lungu, jingine da bangon da ya raba shi da ɗakin mai jego, wato daidai wurin da sauti mai kauri ya fi samun ƙarfi. A ɗaya gefen, murafen samiru da ke jere a kan kabad suka fara kaɗawa. Jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci ya tsandara kuka. Mijin da zai fita da adaidaita sahu da asuba ya juya, ya ja tsaki, ya rufe kai da zani duk da zafin. Saurayin nan ba mugu ba ne. In ka tambaye shi zai rantse maka bai ƙure ba, kuma a kunnensa gaskiya ya faɗa. Amma a nan maganar "ɗakina ne" ta rushe: ɗaki biyu yake ciki a lokaci guda, kuɗin hayar ɗaya yake biya.

Hujja ta biyu ta fi daɗin ji, don ta taɓo tarihi. Haka ne, garuruwanmu ba maƙabarta ba ne. Mun san amon turmi da hantsi, da guduma a maƙera, da masu bugu suna dukan rinannen yadi a kan gungume a Kura da Ƙofar Mata, da ɗaliban makarantar allo, da kalangu ranar biki, da kiɗan ƙwarya a cikin gida, da 'yan tashe daga goma ga azumi. Amma Malam ya jera waɗannan kamar abu ɗaya ne da sifikar da ake sayowa a kasuwar Sabon Gari, alhali abubuwa uku sun raba su.

Na farko, amon da iyakarsa ƙarfin hannu da maƙogwaro. Makaɗi yakan gaji, fata takan saki, murya takan dishe. Kafin ka ji Shata a ƙofar gidanka sai ka gayyato shi, ka sauke shi da jama'arsa, ka sallame su, su tafi. Yau ɗan ƙaramin katin waya yana ɗauke da waƙoƙi ɗaruruwa, batirin da rana ta caja kuma bai san gajiya ba. Tazarar ƙarfin ma ba ƙarama ba ce. A ma'aunin ƙara da ake kira desibel, raɗa wajen 30 take, hirar mutum biyu wajen 60, sifikar DJ a wurin biki kuwa takan kai 100 ko ta wuce. Kowane ƙarin 10 a ma'aunin yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau 10, wato daga 60 zuwa 100 ninki 10,000 ke nan. Kakanninmu ba su taɓa kwana kusa da irin wannan ba.

Na biyu, amon da yana da lokaci. Da rana ake daka, maƙera tana tashi kafin magariba, tashe sau ɗaya ne a shekara, biki kuma tun da sauran kwanaki an kai wa maƙwabta goro, da su za a yi girki, da su za a ci. Wanda aka gayyata, ya ci tuwo, ya san ranar da za a watse, ba ɗaya yake da wanda aka tasa daga barci ranar Talata ba biki ba suna. Na uku, ginin da ma daban ne: katangar ƙasa mai kauri, rufin azara da aka danne da ƙasa, zaure, da fili tsakanin ɗaki da ɗaki. Bango mai nauyi ya fi tare sauti, bulon yau kuwa rabinsa rami ne, filayen awon igiya sun matse gida da gida har tagar wani tana kallon tagar wani. Mun rage kaurin bango, mun rage tazara, mun ninka ƙarar, sannan a ce mu zauna da ƙa'idar da? In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Magabata kuma ba su bar maganar sakaka ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure har ya kai Muhtasar na Shehu Halilu, littafin fiƙihun Malikiyya na ƙarni na 14 da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya san akwai wurin da aka jera cutarwar da maƙwabci zai iya kai ƙara a hana: hayaƙi, wari irin na majema, abin da ke lahanta bango, da barga a kusa da gidan wani. Zan yi wa Malam adalci in kawo abin da ke goyon bayansa a wurin: littafin bai sa amon mai sana'a, irin mai bugu, cikin abubuwan da ake hanawa ba. To amma masu sharhi sun ɗaure wannan sassauci da sharaɗi, wato muddin amon bai tsananta ya dawwama ba. Cikin dalilan da suka bayar na hana barga kuma har da motsin dabbobi da ke hana barci. A Tunis, a wannan ƙarnin dai, wani magini masanin hukunce-hukuncen gini, Ibnur Rami, ya rubuta yadda ake gwada ko dutsen niƙa yana girgiza bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu daga rufin da ke bisa bangon, a ɗora mata busasshiyar ƙwayar iri, a ce wa mai niƙa ya juya dutsensa. In ƙwayar ta motsa, cutarwa ta tabbata. Mutanen da suka kai ga auna girgizar bango da ƙwayar iri shekaru kusan 700 da suka wuce ba daga unguwar Turawa suka koyo ba. A kuma lura, wanda aka yi wa sassauci mai neman abin sawa a baka ne. Wace sana'a mai kallon fim da ƙarfe ɗayan dare yake yi?

Tun kafin littattafan fiƙihu ma, Alƙur'ani a Suratun Nur, aya ta 58, ya ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake rage tufafi a huta, da bayan isha'i. In ɗan da ka haifa sai ya nemi izini a waɗannan lokuta, da wane dalili sifikar wani za ta faɗo maka ba ko sallama? 'Yan uwanmu mazauna Nima da Sabon Zango a Akara sun san wani misalin. Kowace shekara, gabanin bikin Homowo, sarakunan gargajiya na ƙabilar Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, har a umarci masallatai da coci-coci su tsayar da sautinsu a cikin harabarsu. Wannan al'adar Afirka ce tsantsa, ba Bature ya kawo ta ba.

Yanzu ga hujjar da ta sa na ɗauki alƙalami. Malam ya ce da abin yana damun mutane da sun yi magana. Ina mamakin Bahaushe ya faɗi haka. Mu da aka rena a kan kunya da kara da kawaici, yaushe muka fara auna damuwar mutum da abin da bakinsa ya furta?

Ga yadda ƙorafin Bahaushe yake. Magidanci ya kwana biyu bai runtsa ba. Tun a sahun asuba yake shirya maganar da zai faɗa. Hantsi ya yi, ya je ƙofar maƙwabci ya yi sallama. "Ina kwana, Alhaji? An tashi lafiya? Ya iyali? Ya muka ji da zafi?" Aka amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi jim, ya sosa ƙeya, ya ce, "Jiya dai na ji ana shan kallo." Mai gida ya yi dariya ya ce, "Wallahi yaran nan ne, wani sabon fim suka samo." Shi kuma ya ce, "Allah ya raya mana su," ya juya ya tafi. A wurinsa ya kai kuka ya gama. A wurin Alhaji gaisuwa aka yi. Da dare aka sake kunnawa.

Wannan ma wanda ya iya zuwa ke nan. A lissafa waɗanda ba za su iya ba. Matar aure ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar gwauro da tsakar dare ba; in ta aiki yaro, a ce masa "to, an ji," a rage na minti biyar a mayar. Ɗan haya ba zai yi wa ɗan mai gida magana ba, don shekara ta kusa zagayowa. Talakan da ke ɗibar ruwa a burtsatsen Alhaji, yana cajin waya da solarsa, ya san abin da magana za ta jawo masa. Tsoho yana ganin girmansa ya wuce ya tsaya cacar baki da sa'an jikansa. Baƙon da bai daɗe da tarewa a unguwa ba yana gudun a ce daga zuwa ya fara kafa doka. Ga ma'aikaciyar jinya da ta kwana a asibiti, ga maigadi, ga mai gashin burodi, waɗanda ranarmu ce darensu. Ga ɗalibar da jarrabawar WAEC ke gabanta, ga mai hawan jini, ga wanda ke jinyar mahaifiyarsa. Duk sun yi shiru, kuma Malam ya ƙirga shirunsu cikin ƙuri'unsa. An ce shiru-shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne. A nan kam har da tsoron ma akwai.

Shirun kuma ba ya ɓacewa, taruwa yake yi. Ranar da tura ta kai bango, ba a kan sifika za a yi faɗan ba. A kan yara za a yi, ko ruwan kwata, ko akuyar da ta ci dusa, har a kai gaban mai unguwa ana mamakin yadda ƙaramin abu ya raba zaman shekaru, ba wanda ya ambaci dararen da aka yi ido biyu.

Abin da nake so Malam ya gane shi ne, kawaici tsari ne mai ɓangare biyu. Al'ummar da ta koya wa mai jin ciwo ya danne, dole ta koya wa mai iko ya riƙa lura yana tambaya. Iyayenmu sun san wannan. Shi ya sa dattijo yake fahimtar "na ji ana shan kallo" tun kafin a rufe baki, ya kira yara ya tsawatar. In muka riƙe ɓangaren farko muka yar da na biyu, kunyar mutanen kirki ta zama ribar marar lura. Saboda haka nauyin ba ya kan wanda aka hana barci, ya zo ya roƙa. Yana kan wanda rimot ke hannunsa.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba musu. Amma wa ya kamata ya sha maganin? A auna haƙurin biyu. Mai kiɗa in ya rage, abin da ya rasa ɗan dukan da ke kaɗa masa ƙirji ne, waƙarsa tana nan, fim ɗinsa yana nan, kuma motsa yatsa ɗaya ya isar masa. Maƙwabci in ya haƙura, barcin dare guda ya rasa, da kuzarin gobe, da natsuwar da zai tuƙa mota ko ya duba marar lafiya da ita. Wane adalci ne a tsallake mai haƙuri mai araha a ɗora wa mai tsada? Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na yadda Mala'ika Jibrilu ya dinga yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, kowa ya haddace shi. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma haka. Matakin farko na haƙƙin maƙwabci shi ne kame cuta daga gare shi. Juriya a kan cutarsa falala ce da mutum ke zaɓa wa kansa, ba bashi ba ne da mai cutarwa zai zo yana karɓa.

Malam ya kuma ce ai an saba. Zuciya takan saba, jiki ba ya sabawa yadda ake zato. Ido yana da fatar rufewa, kunne ba shi da ita. Ko mutum bai farka ba, ƙara tana ɗaga bugun zuciyarsa, tana fito da shi daga barci mai nauyi zuwa marar nauyi, ya tashi da safe a gajiye bai san dalili ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa ƙarar da ke cikin ɗakin barci kada ta wuce desibel 30. A rahotonta na 2011 ta ƙiyasta cewa yammacin Turai kaɗai na asarar aƙalla shekaru miliyan 1 na rayuwa cikin ƙoshin lafiya kowace shekara saboda ƙarar ababen hawa, kuma kaso mafi girma daga rashin barci yake. Ƙarar ababen hawa aka auna a can, amma kunnen mai barci ba ya tambayar daga ina ƙara ta fito.

Shi kansa mai ƙurewar bai tsira ba. A 2022 hukumar ta ce matasa sama da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar nishaɗi. A ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ke amfani da shi, kunne yana jure desibel 85 na awa 8, amma a 100 minti 15 ne iyaka. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, masu kama sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Duk wanda ya ga uwa da goyo tana rawa a gaban sifikar DJ tun la'asar har dare, ya san ba maƙwabta kaɗai ake zalunta ba.

A hujja ta huɗu Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ya kai ta inda ba nan ta dosa ba. Kiran salla mintuna kaɗan ne, lokacinsa sananne, manufarsa a ji shi a waje, kuma ba shi ake ƙorafi a kai ba. Amma kaset ɗin wa'azin da ake sakewa tun ƙarfe ukun dare, da taron da ake kwana ana yi lasifika na fuskantar gidajen mutane, da addu'ar kwana a coci da ganguna har asuba, waɗannan ma cuta ce, kuma alfarmar abin da ake faɗa ba ta goge ta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hana su cutar da juna da shi. Karatun Alƙur'ani ke nan, a cikin masallaci. A 2021 ma'aikatar harkokin addinin Musulunci ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta kuma ce kada ƙarar ta wuce sulusin ƙarfin na'urar. A 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara, tare da wasu otal-otal da gidajen rawa. Wato masu riƙo da wannan magana da gaske ba su ware kowa ba. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a mai da laifin wani lasisin wani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tsohuwar da ke kwance tsakanin lasifika da wufa ba ragi aka yi mata ba, ninki aka yi mata.

Akwai wani tsoro a makalar Malam da nake tarayya da shi a ciki. Saurayin da ya wuni yana faɗi-tashi, ba fili, ba wurin shaƙatawa, ɗan kiɗan nan ne hutunsa. In aka ce doka, sau da yawa a kansa take sauka: a ƙwace masa sifika, a ci shi tara, alhali gidan bikin attajiri yana girgiza unguwa har asuba ba mai tankawa. Dokar kuwa tana nan. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009: a unguwar zama desibel 50 da rana, 35 da dare; inda gidaje suka cakuɗa da kasuwanci 55 da 45; dare kuma daga ƙarfe 10 ne zuwa 6 na safe. Ban kawo wannan don a riƙa kira wa juna hukuma ba. Unguwar da sai jami'i ya zo kafin a rage rediyo ta riga ta yi asarar abin da ya fi barci. Na kawo shi ne don a san ƙarfe goma ba son ran wani ba ne.

Abin da ake nema bai kai a kira shi sadaukarwa ba. Ka kunna na'urarka yadda ka saba, ka fita ka ja ƙofa, ka je ka tsaya jikin tagar maƙwabcinka. Abin da ka ji a nan shi ne gaskiyar ƙararka. Ka ɗaga wufa daga daɓe, ka ɗora ta kan wani abu mai laushi, ka janye ta daga lungu da bangon da kuka yi tarayya. In za ka rage, fara da sauti mai kauri, don shi ne mai ƙetarawa. Bayan ƙarfe goma ka sa abin kunne, shi ma ba a ƙure ba. In biki gare ka, ka sanar da wuri, ka faɗi lokacin tashi, ka kuma cika. Mai gidan kallo ya san wasannin Zakarun Turai sukan kai ƙarfe goma ko sha ɗaya. Ya juya sifika ciki, ya nisanta janareta daga tagar mutane, in an tashi ya kashe maimakon ya saki waƙa yana shara. Mai gidan haya ya faɗi ƙa'idar dare tun ranar karɓar kuɗi, don kada ta zama gaba tsakanin 'yan haya.

Mai ƙorafi ma da nasa. Ya je da rana, ba cikin fushin dare ba. Ya faɗi abin a fili, da lokacin da ya fi damunsa, don zagaye-zagaye ba ya isa kunnen yaran yau. In ba zai iya ba, ya bi ta liman ko wani dattijo. Ya kuma san kukan jariri, da turmi, da guje-gujen yara, da bikin da aka sanar, ba sa cikin lissafi. Wannan shi ne zaman tare, kuma a nan haƙurin da Malam ke wa'azi yake da gurbi.

Shawarata ga Malam ita ce, kafin ya sake rubutu a kan wannan batu, ya yi tambaya ta hanyar da za a iya faɗa masa gaskiya. Kada ya tari maƙwabcinsa a ƙofar masallaci ya ce, "Ko kiɗana yana damunka?" don amsar a shirye take: "Haba, ba komai." Ya aiki uwargidansa ta shiga wajen matar maƙwabcin su yi hira irin ta mata, ta tambayi ƙarfe nawa yara ke samun barci, da abin da ake ji ta bango in dare ya raba. In amsar ta dawo babu damuwa, ya ci gaba da kiɗansa, Allah ya ba da nishaɗi, ni ma zan janye maganata a kansa. In kuwa ta dawo da abin da nake zato, to bashin makala ta biyu yana wuyansa, kuma samarin da suka ɗauki ta farko hujja su ne suka fi cancanta su fara karanta ta.